Yadda Za Ka Gina Kumbon Sama Jannati da Katakon Babanka

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka zo wurin da ya dace. Duk wanda ya bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi masa alkawarin kafin shekara ta zagayo zai mallaki kumbon sama jannati a bayan gidansa, cikakken girma, irin na fim, da fikafikai da fitilu da kujerar matuƙi. Ba zai tashi ba, wannan kam kada ka sa rai. Amma garinku zai san da zamanka, kuma ba zai sake mantawa ba.

Sunana Darwis, mai shagon fotokwafi a bakin kasuwar Tana Beru. A duk gaɓar Bulukumba ni kaɗai na taɓa gina kumbo, saboda haka ni ne gwani, babu mai ja da ni. Kawo kunnenka.

Mataki na 1: Ka tabbata ka gaza a sana'ar gidanku

Wannan shi ne tushe. Mutumin da ya iya aikin ubansa ba shi da lokacin gina kumbo.

In da hali, a haife ka a gari irin namu, inda kowane namiji jirgin ruwa yake sassaƙawa tun kafin ya iya ɗaura zani. Ubanka kuma ya zama irin nawa, Puang Sangkala (Puang laƙabin manya ne a wajenmu, ni ma da shi nake kiransa), wanda masu jirage ke zuwa daga tsibirai masu nisa su yi wata guda suna jiran ya ɗaga ido ya dube su. Ka zama kai kaɗai ne ɗansa namiji, don kada a sami wani da za a rage takaici da shi.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ina da shekara goma sha biyu ya miƙa min gizago, na fasa katakon da aka yi sati biyu ana lanƙwasawa, na haɗa da ɗan yatsan ƙafata. Ina da sha biyar ya sa ni cikin jirgi, na yi amai tun jirgin yana ɗaure a gaɓa. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya dube ni ya ce, "Je ka makaranta." Na je. Daga nan har na kai arba'in da ɗaya, gida ɗaya muke, amma hirarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar ko an kawo wuta.

Mataki na 2: Zaɓi kumbon da ya fi ƙarfinka

Nemi fim ɗin da ka kalla sau arba'in a shago lokacin da babu ciniki. Tsayar da shi a daidai inda kumbon ya fito sosai, ka buga hoton a injinka, ka ƙara masa girma har sai ya zama ɗigo-ɗigo ba ka gane komai. Wannan shi ne zanen aikinka. Manna takardun da salatif, ka naɗe su, ka riƙa yawo da su a hammata. Mutane suna girmama mai naɗaɗɗiyar takarda.

Kada ka yarda da ƙarami. Duk wanda ya ce maka ka fara da na kan tebur, maƙiyinka ne. Nawa mita goma sha huɗu ne daga hanci zuwa wutsiya, faɗin fikafikai mita tara, da bututun wuta uku a baya. Na auna shi da tsawon ɗan wasan da ke tsaye kusa da shi a fim, bayan na yanke shawarar tsawonmu ɗaya da shi.

Shawarar gwani: kada ka auna hanyar da abin zai bi ya fita daga gida. Masu irin wannan lissafin ba sa gina komai a duniya.

Mataki na 3: Yi wa matarka bayanin da ba bayani ba

Filin da za ka yi aikin nata ne. A ko'ina haka yake. Nawa filin shanyar matata Rosmini ne, bayan gida, tsakanin madafa da kejin kaji. Ta same ni ina buga turaku ina ja da igiya. Daeng take ce min, kiran girmamawa ne a wajenmu, kamar a ce Yaya.

"Daeng, me kake aunawa a filin shanyata?"

"Rumfa ce, Ros. Ta shanya ciyawar teku."

"Rumfa mai fikafikai?"

"Don iska ta riƙa ratsawa."

Ta dube ni, ta dubi takardar hammatata. "Shekara goma sha shida ina cewa ka gyara min matakalar madafa. To Allah ya ba da sa'a. Amma in ka taɓa min tukunyar shinkafa, wallahi a shagon za ka tare, kai da injinka."

Ka jira sati biyu, sannan ka ɗauki murfin tukunyar shinkafar. Babu abin da ya kai shi kama da na'urar hango abokan gaba. Sauran kayan duk suna kewaye da kai, masu su ne kawai ba su sani ba tukuna: gangunan mai uku na bututun wuta, gilashin gaban matacciyar motar haya, fitilun babur, fankar masallaci da aka ce ta lalace, kujerar mai aski. Jiki kuma filawud da kwanon rufi.

Mataki na 4: Samo ƙashin baya, kada ka tambayi mai shi

Nan ne ake gane maza. Filawud ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da gungume mai ƙarfi da za a ɗora komai a kansa. Za ka zagaya gari ka rasa, sannan ka tuna akwai ɗaya a ƙarƙashin gidanku.

Namu icen ƙarfe ne, kwance tsakanin dirkokin da gidan ke tsaye a kansu, ya fi gidan tsawo, kansa ya leƙo ta gaba, gindinsa ta baya. Puang ya kawo shi shekara ashirin da biyu da suka wuce. Duk jiragen da ya sassaƙa na mutane ne, wannan kuwa ya ajiye shi don ƙashin bayan jirginsa na ƙarshe, nasa na kansa. Kafin ya sami sukuni sai yanar ido ta rufe masa idanu biyu, ya ajiye aiki. Kullum da safe in ya sauko alwala sai ya lalubi gungumen ya shafa shi, sannan ya wuce. Babu irinsa a kasuwa yanzu, kuma kowa a garin ya san ba shi da wani.

To, ka faɗa wa kanka gaskiyar da ta dace da kai: tsoho ba ya gani, ice yana kwance a banza, kai kuma magaji ne, gadon ka ɗan ci da wuri. Maimaita sau uku, za ka ji ta zauna.

Jira ranar da aka kai tsohon bikin suna a garin Bira, inda zai kwana biyu. Gungumen sai mutum goma sha biyu, saboda haka je ka wurin tsofaffin ma'aikatansa. Shugabansu Daeng Rate ne, wanda yanzu yake sayar da kofi a rumfa tsakanin gidanmu da bakin teku.

"Puang ya ce a fito da icen," na ce masa.

Ya ajiye butar da ke hannunsa. Idonsa har ya kawo ruwa. "Allahu akbar. Ashe zan ga ranar nan. Ya zaɓi rana?"

"Ya zaɓa."

"Wacce?"

"Yau."

Suka ɗauko shi suna salati. Kai kuma ka nemo gungumen kwakwa ka kwantar a gurbinsa, ka lulluɓe da tamfol. Mutumin da ya yi shekara sittin yana shafa katako ba zai taɓa bambance icen ƙarfe da kwakwa ba, ka yarda da ni.

Icen zai fi zanenka tsawo da kaɗan. A al'ada maigidan aiki ne ke yanke bakunansa biyu, a ranar da ya zaɓa, da alwala, zarto ba ya tsayawa sai ya raba. Guntun gaba a jefa shi teku, na baya a miƙa wa matar gida ta adana har jirgin ya tsufa. Duk wannan ɓata lokaci ne. Ni ranar Talata na yanke da zarton lantarki, da gajeren wando, ina sauraren ƙwallo a rediyo. Guntayen kuma na tokare kejin kaji da su, da ma ya karkace.

Mataki na 5: Ka tuna makaho ba kurma ba ne, sannan ka manta

Washegarin dawowarsa na laɓe ina kallo. Ya sauko, ya lalubi tamfol, ya sa hannu ciki. Hannun ya tsaya. Ya daɗe a haka. Sannan ya gyara tamfol ɗin da kyau, ya je ya yi alwalarsa. Na ce a raina, ka gani, bai gane ba.

Daga ranar sai ya mayar da kujerarsa barandar baya, inda nake aiki. Yana zaune da sigarinsa mai kanumfari, fuskarsa tana kallon sama.

"Darwis."

"Na'am, Puang."

"Me ake bugawa?"

"Kejin kaji, Puang."

"Kajin nan manya ne."

"Irin na waje ne, Puang."

Ya ja hayaƙi. "Ƙusar ƙarfe nake ji."

"E, Puang."

"Tana lanƙwashewa."

Gaskiya ne, tana lanƙwashewa. Icen ƙarfe ba ya karɓar ƙusa, cikin goma ɗaya ke shiga. Amma kada ka tsaya tunanin yadda aka yi ya sani. Ka ɗauka tsufa ne, ka ci gaba da bugu, wata bakwai cur, shi kuma yana zaune yana jin kowace guduma.

Mataki na 6: Jure wa jahilai

Da zarar fikafikai sun hau, gari zai waye maka. Daeng Rate ya zo ya ga abin da ya taya ɗauka, ya riƙe baki, ya koma rumfarsa, bai sake sayar min da kofi ba. Amma bakinsa bai yi yaji ba. Duk safiya in na wuce sai ya ɗaga murya don masu zaman benci su ji.

"Kyaftin! Yaushe ne tashin? In ka isa wata ka tambaya min ko suna sayen busasshen kifi!"

"Ba za ka gane ba, Daeng, wannan kimiyya ce."

"Kimiyyar uwaka. Ina cikinsa? Jirgi ba ciki, shafal kamar faranti! Ɗan Puang Sangkala guda, da filawud!"

Ka yi murmushin masu ilimi ka wuce. Kada ka kula da cewa babu ko ɗaya cikinsu da ya je ya faɗa wa tsohon. Duk garin sun haɗa baki sun yi shiru don kada zuciyarsa ta buga, har liman. Hakan ya fi zagin ciwo, amma ana sabawa.

Ranar da na gama, na shafe shi da fentin azurfa, na haɗa fitilun da batirin mota, na hau kujerar mai aski na ja gilashi na rufe. Fanka tana juyawa a baya, fitilu ja da kore suna ƙiftawa. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina. Karon farko ke nan a rayuwata da na ƙera abu ya tsaya da ƙafarsa. Ta gilashin kuma ina hango Puang a baranda, kansa a karkace yana sauraren fankar, sai daɗin ya ragu da rabi.

Mataki na 7: Hana a yi wa tsohon aikin ido

Wannan matakin ni na faɗi a kansa, amma kai ka yi ƙoƙari.

Ƙanwata Hasriani tana aure a birnin Makassar, kuma irin mutanen nan ce masu son iyayensu a aikace. Ta bugo waya ta ce ta samo likita. Na ce mata a bari sai bayan damina, tafiyar awa biyar ce, tsoho ba ya son mota, kuma wa ya sani ko duniyar yanzu ta cancanci a gan ta. Ta ce, "Daeng, me ka yi?" Ta zo da kanta ta tafi da shi.

Kana da kwana tara. Kada ka ɓata su wajen neman tamfol mai mita goma sha huɗu, babu.

Ya dawo da azahar, ido ɗaya a buɗe tar, ɗayan sai wata mai zuwa. Bai hau gida ba. Kai tsaye ya zagaya baya, rabin gari na biye da shi a nesa kamar masu rakiyar gawa. Ya tsaya gaban kumbon. Ya zagaya shi sau ɗaya, a hankali. Ya duba murfin tukunyar shinkafa ya daɗe. Sannan ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa icensa da bayan yatsa.

Na matso kusa. "Puang, zan yi bayani."

"Tun ranar da na taɓa kwakwa na ji bayanin." Ya miƙe yana dafa fiffike. "Na ce bari in ji abin da yaron nan zai yi. Wata bakwai ban ji ka gudu ka bar shi ba. Ban san ka da haka ba."

Na buɗe baki in yi godiya.

"Zai yi yoyo," ya ce.

"Ai ba na ruwa ba ne, Puang. Na sararin sama ne. Wato, na kallo ne."

"Wannan icen an sare shi don ruwa. Ba a kwantar da ƙashin baya a gaɓar nan a bar shi ya ruɓe a tudu kaji na kashi a kai. Ba da sunana ba." Ya juyo da idon nan ɗaya. "Ina guntayen?"

Na nuna kejin kaji. Ɗaya ne kawai a wurin, ɗaya ƙafar kejin kuwa bulo ne ke tokare da ita. Sai ga Rosmini ta sauko daga madafa da abu naɗe cikin zanen aurenta.

"Ga na baya, Puang. Tun ranar na ɗauke. Na ga mai gidan ba shi da hankali, na ce bari gidan ya samu ko na mutum ɗaya."

Puang ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Ni ko kallo ban samu ba.

Mataki na 8: Miƙa wuya cikin mutunci

Washegari tsofaffi goma sha biyu za su cika maka fili, kowa da akwatin kayan aikinsa da ciwon bayansa. Za su ɓalle duk filawud ɗin ƙasa cikin awa biyu, aikinka na wata uku. Ka tsaya gefe ka riƙa gyaɗa kai kamar kai ka ba da umarni.

Ka kawo zanenka ka shimfiɗa musu. A garinmu ba a sassaƙa jirgi da takarda, a cikin kan maigida zanen yake. Fatar jirgin, wato jikinsa na waje, ake fara haɗawa, katako kan katako da turakun ice, sai daga baya a sa haƙarƙari. Daeng Rate ya karɓi zanena da hannu biyu cikin girmamawa, ya hura wutar lanƙwasa katako da shi.

A kan fikafikai ne kawai na ja daga.

"Puang, fikafikan ba za a taɓa su ba. Haka suke a fim."

"Wa ya ce a cire? Sun yi sama ne. A sauke su, a ɗaura gora a bakinsu, su hana shi kifewa."

"Bututun wutar fa?"

"Gangunan? A bar su. Ruwan sha."

Saman dai ya bar min yadda yake, azurfa da fitilu da komai. Ya ce abin da ke sama da ruwa na masu kallo ne, kowa ya yi haukansa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne, ba su sallame ni ba. Puang ya nuna ƙasa kusa da shi ya ce, "Zauna nan. Riƙe." Na riƙe. Wata huɗu ina riƙewa, ina huda, ina fiƙe turaku, ina cusa ɓawon ice tsakanin katako. In na karkace ya buge min hannu da sanda a gaban jama'a. Ya ce min gara, ya ce min hannun takarda, ya ce ko akuya aka ba wannan katakon za ta fi ni tausayinsa. Duk abin da na haɗa da safe sai ya warware shi da la'asar. Cikin wata huɗun nan ya yi min maganar da ta fi ta shekara ashirin da shida yawa, kuma kusan duk zagi ne. Ina komawa ɗaki hannuna duk kanta, Ros tana shafa min man kwakwa tana tambayar me nake wa murmushi.

Mataki na 9: Kai shi inda ba ka nufa ba

Yanzu ne maganar hanyar da na ce kada ka auna za ta taso. Kada ka damu, gayya tana maganin komai. Aka rushe katangarmu, aka sare kwakwa biyu. Rumfar kofin Daeng Rate ta tsaya a tsakiyar hanya, sai maza ashirin suka zura gora ƙarƙashinta suka ɗauke ta a kafaɗa, da benci da buta, shi yana biye yana ihun a yi hankali da kofuna.

Aka yanka akuya, mata suka dafa shinkafa mai danƙo, liman ya yi addu'a yana kauce wa kallon fankar da ke bayan kumbon. Saura abu ɗaya kafin a ja: huda cibiya. Maigidan aiki ne ke shiga cikin jirgi ya huda ƙashin baya a tsakiya, daga nan jirgin ya zama nasa har abada, in ya yi kyau sunansa, in ya nutse sunansa. Puang ya shiga, ya tsuguna, ya kafa abin hudar. Sai ya ɗago.

"Darwis. Sauko."

"Puang, ni?"

"Akwai wani Darwis ɗin? Kai ka yanke shi ba bismillah, kai za ka huda shi da bismillah."

Na karɓa. Na kafa ƙarfen a inda ya nuna. Ya ɗora nasa hannun a kan nawa, busasshe, mai nauyi, muka juya tare har garin ice ya fito ta ƙasa. Tsoro nake ji da kunya, duk a lokaci ɗaya.

Da rana tsaka, ruwan teku ya cika, mutum ɗari biyu suka kama igiya. Ni an ce in hau, mai jirgi ba ya kallo daga tudu. Ina kan kujerar mai aski, gilashi a rufe, aka ja, gungumomin da aka jera masa suna kuka a ƙasa, mata suna guɗa. Hancin ya taɓa ruwa. Ya tsunduma, ya yi tangal-tangal, fikafikan suka mari ruwa hagu da dama. Sannan ya zauna daram.

Daeng Rate ya shiga ciki da tocila ya duba lungu-lungu, ya fito ya ɗaga hannu. "Ko ɗigo!"

Da aka sauko da ni, na gama amai, na sami Puang zaune kan yashi yana kallon abin da ido ɗaya. Na zauna kusa da shi. Na ce, "Puang, ka yafe min. Na san jirginka na ƙarshe ne."

"Mummuna ne," ya ce. "Shekara sittin ina aikin nan, ban taɓa ganin jirgi mummuna kamarsa ba." Ya nuna jirgin da haɓa. "Katako na uku daga ƙasa, ta hagu. Kai ka haɗa shi. Ban warware ba."

"A ƙarƙashin ruwa yake, Puang. Ba mai gani."

"Na gani." Ya dafa kafaɗata don ya miƙe, kuma da ya miƙe bai ɗauke hannun ba. "Na ɗauka na ƙarshena nake ajiye wa icen. Ashe na farkonka ne."

"Na farko, Puang?"

"Litinin ka rufe shagon nan da wuri."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin komai. In matarka ta daina yi maka magana, in masallaci ya nemi fankarsa, in katangarku ta faɗi, kai ka jiyo. In kumbon da ka gina don taurari ya ƙare a ɗaure a bakin teku, masunta na shanya raga a fikafikansa, baƙi na ɗaukar hotonsa suna tambayar wace al'ada ce wannan, babu ruwana. Ban yi alkawarin zai tashi ba, ban kuma yi alkawarin zai zauna inda ka ajiye shi ba.

Haka nan ban ce kowane uba zai yi abin da nawa ya yi ba. Wani da sanda zai bi ka har kasuwa, kuma da gaskiyarsa.

In kuwa naka ya dafa ka a gaban mutum ɗari biyu, ka fashe da kuka da gemunka da komai har mai kofi ya kau da kai, kada ka kawo min ƙara shago. A rufe yake. Ina bakin teku ina riƙe wa Puang katako, yana faɗa wa duk mai wucewa cewa Allah bai ba ɗansa hannu ba, ni kuma ina roƙon Allah ya bar min shi ya daɗe yana faɗa.